Idan jikin hafsa ya ba shi, wa zai ce masa dakata?

A watan Yunin 2024 'yan bindiga suka kashe sojojin Nijar 6 da ke gadin bututun man da ya taso daga Agadem zuwa Benin, tsakanin Salkam da Tibiri a jihar Dosso. Duk hafsan da ke jagorantar sintiri a ƙasar Arewa ya san cewa irin wannan rana ba ta sallama. Babura biyu sun ɓullo daga kurmi, ko kasuwar ƙauye ta watse tun kafin la'asar, kuma babu lokacin kiran Yamai. Cikin daƙiƙoƙi zai zaɓa: ya tsaya, ya juya, ko ya ce a buɗe wuta. A nan ne ake jin soja ya ce, "jikina ya ba ni."

Ba wanda zai ce a hana hafsa sauraron jikinsa. Masanin Amurka Gary Klein ya bibiyi shugabannin 'yan kwana-kwana a shekarun 1980, ya gano cewa gogaggu ba sa jera zaɓi suna aunawa. Suna gane yanayin da suka taɓa gani, sai su yi aiki. Amma a 2009, shi da Daniel Kahneman suka amince da sharaɗi: wannan jin ba abin dogaro ba ne sai idan mutum ya koye shi a wurin da alamunsa ba sa yawan canzawa, kuma ya riƙa ganin sakamakon hukuncinsa da wuri. Ƙarfin tabbacin da mutum ke ji a ransa ba hujja ba ce.

Mutanen Dogon Dutsi ba sai an kai su Amurka neman misali ba. Kaftin Paul Voulet na Faransa ya ci Wagadugu a 1896, ya fito da imanin cewa wuta da tsoro suna buɗe kowace ƙofa. Da wannan imanin ya shigo ƙasar Arewa a 1899 tare da Julien Chanoine. Ranar 16 ga Afrilu, a Lugu, mayaƙan Sarauniya Mangu suka ja shi cikin kurmin da suka fi shi sani. Ya ci garin, amma ya rasa mutum 4, wasu 6 suka ji rauni, Sarauniya kuma ta kuɓuce masa.

Da mai sauraro ne, da ya gane cewa abin da ya koya a ƙasar Mosi bai yi aiki a nan ba. To amma wa zai faɗa masa? Laftanar Peteau da ya yi saɓani da shi, tuni ya kore shi daga tawagar. A watan Mayu aka yi kisan kiyashin Birnin Ƙonni. Ranar 14 ga Yuli ya sa aka harbe Laftanar-Kanar Klobb, wanda aka turo ya karɓe jagoranci daga hannunsa, kuma cikin kwana 3 sojojinsa suka kashe shi da Chanoine a yankin Tasawa.

Sojan Nijar na yau ƙasarsa yake karewa, ba a haɗa shi da ɗan mamaya. Sai dai tarkon ɗaya ne. Hafsan da idonsa ya goge a Diffa ko Tillaberi zai iya ganin ɗan ta'adda a jikin makiyayin da ya sauko Dallol Mauri neman ruwa, ko ɗan fasa-ƙwaurin man fetur da ya tsallako daga Najeriya. Kuskure ɗaya irin wannan, ƙauye guda zai daina ba da labari.

Don haka ya kamata rundunar ta bar hafsoshi su daɗe a Arewa har su san ranakun kasuwanninta da burtalolinta, a zauna a yi bitar kowane artabu tun ƙura ba ta lafa ba, sannan sajan ɗan yankin ya samu damar cewa "ranka ya daɗe, wannan makiyayi ne" ba tare da tsoron a rubuta masa rashin ɗa'a ba.