ILMIN JAMI'A DA MUDUN TALAKA

Jama'a 'yan'uwa talakawa, da yawa cikinmu sun sayar da akuya ko buhun gero don su kai ɗa jami'a, ko ta Ahmadu Bello a Zariya, ko ta Bayero a Kano. In yaron ya zo hutu ya ce ilmin tattalin arziki yake karantawa, sai uban ya kaɗa kai, yana zaton wani asirin Turawa ne. To, yau za mu buɗe tukunyar kowa ya gani.

A shekarar farko ana koya musu reshen da ke duban mai saye da mai sayarwa, da yadda kuɗin kaya ke hawa da sauka. Wani malamin Ingila, Alfred Marshall, a littafinsa na 1890, ya kwatanta bukatar masu saye da yawan kayan da aka kawo kasuwa da bakin almakashi biyu: ɗaya ba ya yanka sai da ɗan'uwansa. Wane ɗan kasuwar Dawanau ne bai san wannan ba? Da kaka hatsi ya cika kasuwa, mudu ya yi araha. Da tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, mudu ya yi tsada.

Ana kuma koya musu cewa ba kowane kaya tsada ke korar masu sayensa daidai ba. In turare ya yi tsada, sai a haƙura da shi. In gero ya yi tsada, dole maigida ya auna, don ciki ba ya jira. Shi ya sa mai ɓoye kaya ba ya ɓoye turare, hatsi yake ɓoyewa.

Amma babin da muke so kowane ɗan talaka ya haddace shi ne na kasuwar da mai saye ɗaya ne tak. Wata malama Baturiya, Joan Robinson, ta yi bayaninsa a 1933: in ba wanda zai ƙara tayi, abin da mai sayen ya yanka shi ne kuɗin kaya. Iyayenmu sun ga wannan da idonsu. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, ita ke yanka wa manomi kuɗi ƙasa da na kasuwar duniya, ta riƙe rarar. Dalar gyaɗa ta tsaya a Kano, wanda ya noma ta kuwa yana fama da kuɗin haraji. Sai a 1986 aka rushe irin waɗannan hukumomi. Ashe abin da ke cikin littafi a jikinmu aka fara rubuta shi!

Saboda haka muna kira ga malaman jami'a su riƙa kai almajiransu Kurmi da Dawanau, su ji yadda ake tayi, a ce albarka, a sallama, su ga la'adar dillali. Mu 'yan kasuwa kuma kada mu rowa da abin da muka sani.

Ku kuma samari, gumin iyayenku ne ya kai ku can. In kun dawo, ku zauna a rumfa ku fassara mana karatun nan da Hausa, don duk ranar da wani ya sāke neman ya zama shi kaɗai ne mai saye ko mai sayarwa, mu gane shi tun daga nesa. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.