Ra'ayinmu: Jar Shaida Daga Bakin Wanda Ba Ka Jin Harshensa

A watan Satumba na 1995 Pierre Omidyar ya buɗe dandalin gwanjo a intanet, wanda daga baya ya zama eBay. Cikin kayan farko da aka sayar akwai wata 'yar fitilar nuni da ta lalace, aka taya ta har dala 14.83. Omidyar ya rubuta wa mai sayen yana tambayarsa ko ya gane cewa abin nan ba ya aiki. Mutumin ya ce ya gane sarai, shi mai tara irin waɗannan lalatattun ne. Ciniki ya faɗa, ba wanda ya ƙullaci wani. Su biyun harshe ɗaya suke ji, amma sai da aka yi tambaya kafin hankali ya kwanta.

Yau mai kaya yana iya kasancewa a Amurka, mai taya yana Italiya ko Brazil, babu mai jin harshen wani. Mai kaya ya sa tsohon agogo a gwanjo, can ƙasan bayani ya rubuta cewa ya tsaya, sai dai a cire kayan gyara a jikinsa. Mai taya ya ga hoto mai kyau da kan magana da na'ura ta fassara masa, ya taya, aka sallama masa. Bayan makonni agogo ya iso, ya ɗaura a hannu, shiru. Washegari mai kaya ya tashi ya tarar da jar alama kusa da sunansa, tare da jimla guda cikin Italiyanci wadda ko karanta ta ba zai iya ba. A ganinsa bai ɓoye komai ba. A ganin mai saye an cuce shi. Kowannensu kuwa gaskiyar abin da ya gani yake faɗa.

Wanda bai taɓa sayar da kaya a irin wannan dandali ba zai iya cewa mene ne abin tayar da hankali a jimla ɗaya. A kasuwar da ba a ganin juna, shaidar masu saye ita ce jari. Tun Fabrairun 1996 eBay ya kafa tsarin da kowane mai saye zai bar shaidarsa bayan ciniki: ta yabo, ta tsaka-tsaki, ko ta tir, wadda ake nunawa da ja. Ana lissafa kason yabon da mutum ya samu cikin watanni 12 da suka wuce a manna shi a jikin sunansa. Masana tattalin arziki biyu, Luís Cabral da Ali Hortaçsu, sun wallafa bincike a 2010 da ya nuna cewa da zarar mai sayarwa ya sami jar shaidarsa ta farko, cinikinsa na mako da ke ƙaruwa da kashi 5 cikin ɗari sai ya koma raguwa da kashi 8. Kafin su, Paul Resnick da Richard Zeckhauser da abokan aikinsu sun yi gwaji da tsofaffin katunan wasiƙa, suka ga cewa mai sayarwa da ya daɗe da kyakkyawan suna yana samun kashi 8.1 cikin ɗari fiye da abin da sabon shiga zai samu a kan kaya iri ɗaya. Ga wanda sana'arsa ke nan, wannan zancen abincin gida ne.

Saboda haka ba mu raina koken masu sayarwa ba, kuma da yawa daga cikinsa yana kan hanya. Mafi yawan abin da ke fusata baƙon mai saye ba a hannun mai kaya yake ba. Daga 1 ga Yulin 2021 Tarayyar Turai ta soke rangwamen harajin da take yi wa ƙananan kaya da ba su wuce yuro 22 ba, saboda haka duk abin da ya shigo daga waje akwai haraji a kansa. Mai saye da bai san haka ba, idan ma'aikacin gidan waya ya nemi ƙarin kuɗi a bakin ƙofa, mai kaya zai zarga. Ƙunshi ya kwana biyu a hannun kwastan, laifin mai kaya. Na'urar da aka ƙera don wutar Amurka mai ƙarfin volt 120 aka jona ta a wutar Turai mai 230 ta ƙone, laifin mai kaya. Takalmi lamba 8 a Ingila daban yake da lamba 8 a Amurka, a Faransa kuwa lamba 42 ake kiran kwatankwacin na Ingila. Idan mai saye ya kai ƙara cewa kaya ba su dace da bayani ba, dokar dandalin ta ɗora wa mai sayarwa kuɗin mayarwa, wanda sau da yawa ya fi kuɗin kayan in tsakanin nahiyoyi ne. Ga shi kuma tun watan Mayun 2008 aka hana masu sayarwa barin jar shaida a kan mai saye. Suna jin an ɗaure musu hannu an bar na wancan a sake.

Daga nan ne wasu ke yanke shawarar rufe ƙofa, su toshe ƙasashen da ba a jin harshensu gaba ɗaya. Dandalin ya ba su wannan dama, kuma ba za mu ga laifin ƙaramin ɗan kasuwa da ya zaɓi zaman lafiya ba. Amma wasu sun wuce nan, suna neman a riƙa goge duk jar shaidar da aka rubuta cikin wani harshe, ko wadda ta fito daga mutumin da bai karanta bayani da kyau ba. A nan muka rabu da su.

Baƙon mai saye bai haura katanga ya shigo ba, kiransa aka yi. A 2014 eBay ya fara amfani da na'urarsa ta fassara don masu saye a Rasha da ƙasashen Latin Amurka, tana juya abin da suke nema zuwa Ingilishi, tana juya kan maganar kaya zuwa harshensu. Erik Brynjolfsson da Xiang Hui da Meng Liu sun auna tasirin wannan, suka wallafa a 2019 cewa fitar da kaya ta dandalin ya ƙaru da kashi 10.9 cikin ɗari. Wannan riba ce da masu sayarwa suka ci, kamfani ma ya ci la'adarsa a kai. Mutumin da aka nuna wa kan magana cikin Sifaniyanci yana da hujjar zaton cewa an faɗa masa abin da yake bukatar sani. Idan aibin kayan yana layi na goma sha biyu, cikin gajerce-gajercen 'yan kasuwar da ko Bature ba kowa ke ganewa ba, da wuya a ce an sanar da shi. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa idan aibin da aka ɓoye ya bayyana. Manufar bayyanawa ita ce wancan ya gane. Rubutun da bai isa kunnensa ba bai sauke nauyin duka ba.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ke ɗauka rashin kunya ne, alhali al'adar kasuwar ƙasar mai saye ce. Bajamushe ya saba da cewa in ya sayi abu daga nesa a hannun ɗan kasuwa yana da kwana 14 da zai iya fasawa ba tare da ya ba da dalili ba, kuma tun 2004 babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke cewa wannan haƙƙi ya shafi gwanjon eBay idan mai sayarwar ɗan kasuwa ne. A watan Satumba na 2022 kotun nan ta sake duba wata shari'a: wani ya sayi ƙananan kayan ƙarfe na yuro 19.26, ciki har da yuro 4.90 na aike, ya rubuta cewa kaya sun yi kyau amma kuɗin aiken tsawwalawa ne. Mai sayarwa ya nemi a tilasta masa gogewa, kotu ta ƙi, ta ce ra'ayinsa ne kuma bai kai cin mutunci ba. Wanda ya tashi a irin wannan ƙasa yana ganin faɗin rashin gamsuwarsa haƙƙi ne, ba zai yi tunanin ya zalunci kowa ba.

Dokar 2008 ɗin ma ba don ƙin masu sayarwa aka yi ta ba. Kafin ita, mai saye da aka cuta yana tsoron buɗe baki, domin ya san za a rama masa da ja. Shaidar da ake bayarwa cikin tsoron ramuwa ba ta amfanar mai saye na gaba. Idan yau aka ce za a goge kukan mutum don kawai bai iya Ingilishi ba, an koma wancan zamani ta ƙofar baya, kuma wanda zai fi cutuwa shi ne wanda ya fi kowa rauni a cinikin, mai nisa, wanda ya riga ya biya.

Ra'ayinmu shi ne nauyin farko yana kan mai sayarwa, tunda shi ya zaɓi buɗe hajarsa ga duniya, kuma yawancin aikin ana yin sa ne tun kafin a taya. Aibi ya fito a kan magana da hoton farko, domin hoto ba ya bukatar tafinta. A ɗauki awo da tef a jikin kayan, a rubuta shi da inci da santimita. A rubuta gajerun jimloli, kowace da magana ɗaya, babu habaici, babu salon 'yan kasuwa, domin na'ura ta fi yin kuskure a inda mutum ya fi nuna gwaninta. A faɗa a fili cewa harajin shigar kaya yana iya hawa kan mai saye. Idan kaya masu tsada ne ko masu aibi, kuma wanda aka sallama wa baƙo ne, saƙo ɗaya na tabbatarwa kafin a kai gidan waya ya fi wasiƙa ashirin bayan an ɓata.

Idan kuma ja ta riga ta sauka, abin da ya fi komai lalata lamari shi ne amsa cikin fushi. Na'urar fassara takan sa maganar mutum ta yi kaushi fiye da yadda ya nufa, ta kwashe ladabin da ke cikin harshen asali ta bar umarni tsirara. Mai sayarwa ya karanta saƙon da wannan a ransa. Ya rubuta wa mai saye a keɓe da harsuna biyu, nasa da fassarar na wancan, ya bayyana cewa na'ura ce ta fassara, ya juya fassarar baya ya ga ko ma'ana ta tsira kafin ya aika. Ya tambayi abin da mutumin ya yi tsammanin samu, ya nemi hoto. Sai an warware matsalar sannan ya nemi a gyara shaidar. eBay ya ba da damar aika wannan buƙata cikin kwana 30, mai saye kuma yana da kwana 10 na amsawa. Kada ya sa gyaran shaida ya zama sharaɗin mayar da kuɗin da dama haƙƙin mutum ne. In mai saye ya ƙi, sai ya rubuta amsa a fili, gajera, mai faɗin abin da ya faru da abin da ya yi, domin masu karanta ta su ne masu saye na gobe. Gwajin su Resnick ma ya nuna cewa ja ɗaya ko biyu ba su rage abin da ake taya kayan sababbin masu sayarwa ba. Mai saye da ya yi barazanar ja don a ba shi abin da ba ya cikin ciniki kuwa, wannan ƙwace ne, dokar dandalin ta hana, kuma kai ƙararsa daidai ne.

Sai dai ba za mu tsaya a kan mai sayarwa ba, domin akwai na uku a cinikin, kuma shi ya fi kowa ƙarfi. A kasuwanninmu, daga Kurmi ta Kano har zangunan fatake, idan baƙo ya zo da harshen da ba a ji, fatoma ko dillali ne ke tsayawa tsakani. Yana fassara, yana cin la'ada, in kuma rikici ya tashi a kan abin da ya faɗa, shi ake nema. Dandalin gwanjo ya karɓi kujerar dillalin nan da la'adarta, amma a yarjejeniyar da masu amfani da shi ke amincewa da ita ya rubuta cewa bai lamunci ingancin fassarar da na'urarsa ke yi ba. Wannan ba adalci ba ne. Kamfanin da kansa ya riga ya amince da ƙa'idar a wani fanni: a shirinsa na aike ƙasashen waje da ya fara a 2012, inda a wancan lokacin mai sayarwa a Amurka ke tura kaya wata cibiya a jihar Kentucky, abin da ya lalace ko ya ɓace daga nan zuwa hannun mai saye ba ya hawa kan mai sayarwa. Abin da ka karɓa daga hannun mutum ka ce kai za ka yi, kai za ka amsa shi.

Muna kira da a shimfiɗa wannan ƙa'ida ga fassara a fili. Dandali ya adana ainihin abin da ya nuna wa mai saye cikin harshensa, ya bar mai sayarwa ya gani kafin gwanjo ya ƙare. Idan aka yi saɓani, mutum mai jin harsunan biyu ya kwatanta rubutun asali da fassarar. In kuskuren na na'ura ne, kamfani ya biya mai saye daga aljihunsa, ya cire jar daga lissafin mai sayarwa. In bayanin asali ne ya ɓoye aibi ko ya yi ƙwauron magana, shaidar ta zauna, da kowane harshe aka rubuta ta. Hausa ta shiga cikin harsunan Google Translate a watan Disamba na 2013, kuma masu jaka da takalman fata a Kano da ke cinikin waya da masu jin Faransanci ko Larabci suna dogaro da irin waɗannan na'urori kullum. Duk dandalin da zai zo neman la'adarsu, wannan sharaɗin ne ya kamata su fara tambayarsa a kai.