Koyon Jin Maƙwabci: Kabanci da Darasin Harsunan Sikandinabiya

Ɗalibin da ya shiga sashen nazarin harsunan Sikandinabiya a jami'a, harshe ɗaya yakan zaɓa cikin uku: na Danmak, ko na Nowe, ko na Suwidin. Shekarar farko nahawu da gajerun jimloli suke cinye ta. Idan harshensa ya fara kama ƙasa, wato ya kai matakin tsakiya, sai wani aiki ya taso masa. A jami'o'i da dama na ƙasar Jamus akwai kwas da aka keɓe domin wanda ya koyi ɗayan harsunan ya saba da sauran biyun. Ba a neman ya yi magana da su. Abin da ake nema shi ne ya karanta ya gane, ya saurara ya fahimta, sannan ya mayar da amsa da harshen da ya koya. Haka mutanen yankin suke yi a tarukansu, kowa da harshensa.

Wannan fahimta ba a haihuwar mutum da ita, horo take so. Rubutun Danmak da rubutun Bokmål na Nowe kamar an tsaga kara suke, domin Nowe ta zauna ƙarƙashin sarautar Danmak har zuwa 1814. Amma da zarar mutumin Danmak ya buɗe baki sai baƙaƙen su narke, maƙwabci ya rasa inda kalma ta fara da inda ta ƙare. Ga kuma kalmomi masu yaudara: "rolig" natsuwa take nufi a Danmak da Nowe, a Suwidin kuwa abin ban dariya ne. Binciken Delsing da Lundin Åkesson na 2005 ya nuna matasan Nowe sun fi sauran fahimtar maƙwabtansu, ya kuma nuna fahimtar juna ta ragu idan aka gwada da abin da Maurud ya tarar a 1976. Cikin dalilan da manazarta suke bayarwa na fifikon mutanen Nowe akwai sabon da kunnensu ya yi da bambanci tun suna yara, saboda karin harshe a can ba abin kunya ba ne. Ana jin sa a rediyo da majalisa da ɗakin lacca. Tun 1878 majalisar ƙasar ta zartar cewa a koyar da yaran firamare da irin maganarsu ta gida gwargwadon iko.

Abin da ya sa wannan tsari ya tsaya mini a rai shi ne halin da nake gani a Badariya, cikin Birnin Kebbi. Yaro yana tashi da "munka tahi" da "shina zuwa" da "wanga" da "Audu na". Ya shiga aji a koya masa "muka tafi" da "yana zuwa" da "wannan" da "Audu ne", kuma daidai ne a koya masa. Ta haka yakan fita da kunne biyu: yana jin Kananci, yana jin Kabanci. Takwaransa da ya tashi a gabas babu abin da ya tilasta masa irin wannan ƙoƙari. Zai iya kammala digiri a fannin Hausa bai taɓa zama ya rubuta maganar wani dattijon Argungu ta minti biyar daga rikoda ba. A fahimtata, yawancinmu mun koyi kare-karen harshe ne a matsayin jadawali: Hausar gabas a dama, ta yamma a hagu, /f/ a nan, /hw/ a can. A haddace, a zuba a jarrabawa, a manta.

Illar ba ƙarama ba ce, domin wani babban kaso na adabinmu a Hausar yamma yake. Waƙoƙin Nana Asma'u da na zamaninta cike suke da ita, haka ma na Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru. Lokacin da nake tattara bayanai a Argungu domin kundin digirina na biyu, na ba wani abokin karatu hirar da na ɗauka da masunta ya taya ni rubutawa. Da ya dawo da ita sai na tarar ya yi mini, a cewarsa, gyara. Duk "anka" ta koma "aka". Wannan da sauƙi. Inda mai magana ya rufe jimla da "na" ta tabbatarwa, shi ya ɗauka "na" ta mallaka ce, ya manna ta da jimlar gaba, ma'ana ta juye. Ba sakaci ba ne, ba a taɓa horar da kunnensa ba ne kawai. Idan irin haka ta faru a matanin waƙa, kari yana karyewa, mai nazari kuma ya ɗora wa mawaƙi laifin da ba nasa ba.

Na san abin da za a ce. Harsunan Sikandinabiya uku ne, kowane da ƙasarsa da ƙamusunsa, Hausa kuwa harshe ɗaya ne da aka sha wahala kafin a daidaita rubutunsa, tun daga aikin Hukumar Talifi a Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Gaskiya ne. Ivar Aasen ya zagaya karkarar Nowe daga 1842 zuwa 1846 yana tattara kare-karen harshe, ya fitar da nahawu a 1848 da ƙamus a 1850, daga nan aka sami rubutu na biyu da ake kira Nynorsk, kuma har yau ɗaliban ƙasar suna fama da rubutu iri biyu. Ba na roƙa wa Kabi irin wannan. Daidaitacciyar Hausa ta zauna inda take. Sai dai kusancin kare-karenmu hujja ce a gare ni: in har ana iya horar da ɗalibi ya ji harsuna uku, me zai hana a horar da shi ya ji kare-karen harshensa?

Shawarata ga masu tsara manhaja ita ce a mayar da rabin kwas ɗin karin harshe aikin saurare da rubutawa, a aji biyu ko uku na jami'a, lokacin da ɗalibi ya riga ya kama ƙa'idojin rubutu da tsarin sauti. A ba shi hirar masunta daga bakin Matan Fada, da ta 'yan kasuwa daga Dogondutsi da Maraɗi da Daura da Gudduri, ya rubuta yadda aka faɗa, sannan ya juya zuwa daidaitacciya a gefe, ya bayyana abin da ya salwanta a hanya. A jarraba shi da kunne, ba da jadawali kaɗai ba. Kayan farawa suna nan: ƙamusun Bargery na 1934 ya yi wa kalmomi da yawa alamar yankinsu, Bernard Caron ya bayyana Hausar Adar a 1991, ga kundaye jibge a Sakkwato da Zariya da Kano. Abin da ya yi ƙaranci shi ne taskar murya mai tsari. Wannan kuwa ɗaliban Birnin Kebbi da Argungu za su iya haɗa ta da wayoyin da ke hannunsu cikin hutun zango ɗaya, muddin sashe ya yarda ya ba aikin maki.