Alkawuran Baje Kolin Fasaha: Nawa Ne Ke Cika?

Kowace shekara manyan kamfanonin duniya kan hallara a wuraren baje koli domin nuna sababbin na'urori, tare da alkawarin cewa nan gaba kaɗan rayuwar ɗan Adam za ta sauya. Ya kamata ɗalibin kimiyya ya auna waɗannan alkawura da ma'aunin tarihi kafin ya gaskata su.

Alal misali, a baje kolin duniya na birnin New York a 1964, kamfanin tarho na Bell ya nuna wata waya mai suna Picturephone, wadda mai magana ke ganin fuskar abokin maganarsa. Jama'a sun yi ta mamaki. Amma kiran minti uku daga New York zuwa Washington dala 16 ne a lokacin. Da aka fara sayar da ita a Pittsburgh a 1970, masu saye ƙalilan ne, har aka janye ta. Sai da intanet ta yaɗu, wayar hannu ta yi araha, sannan kiran bidiyo ya zama ruwan dare, bayan kimanin shekara arba'in. Hasashen ya tabbata, amma lokacin da aka ɗiba masa ya kauce.

Wani alkawarin kuwa bai cika ba sam. A baje kolin CES na Las Vegas a 2010, an tallata talabijin mai hoton 3D a matsayin makomar kowane gida. Sai dai dole mai kallo ya sa tabarau na musamman, shirye-shiryen da suka dace da shi kuma ba su da yawa. Zuwa 2017, kamfanonin Sony da LG sun daina ƙera shi.

Duk da haka, ba daidai ba ne a yi wa baje koli kuɗin goro. A 1939 kamfanin General Motors ya nuna siffar manyan titunan mota masu ratsa ƙasa, kuma a 1956 Amurka ta kafa dokar gina irinsu.

Ilimin halittu na da darasi a nan. Kifi kan saki dubban ƙwai, amma kaɗan ne ke girma, domin muhalli ne ke tantance mai rayuwa. Haka na'ura take. Muhallinta shi ne aljihun mai saye, da buƙatarsa, da wutar lantarki ko hanyar sadarwar da za ta dogara da ita. Rumfar baje koli kan nuna cewa ana iya ƙera abu ne kawai. Sauran sharuɗɗan ba a baje su.

Saboda haka, ya dace malamai su koya wa ɗalibai tambayoyi uku: nawa ne kuɗinta, wace matsala take warwarewa, kuma me take buƙata kafin ta yi aiki? Hausawa dai sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.