Kafin a Ƙara Amya, a Ƙirga Furanni

Ranar 20 ga watan Mayu ce Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ware ta, kuma an fara bikinta a shekarar 2018. Duk lokacin da ranar ta zagayo, shawara guda ake yawan ji: ƙudan zuma na cikin haɗari, don haka kowa ya kafa amya ya cece su. Masu ba da wannan shawara da kyakkyawar niyya suke yi. Amma 'yan uwana ɗalibai da malamanmu, a ganina kafa amya kiwo ne kamar kiwon awaki, kuma idan aka yi shi ba lissafi yana iya cutar da ƙwarin da suka fi buƙatar taimako.

Mu fara da abin da muka koya a darasin kimiyyar noma. Yawancin tsirrai masu fure ba sa yin 'ya'ya sai ƙurar fure ta tashi daga wani fure ta sauka a kan wani. Wannan shi ne barbarar fure. Gero da dawa da masara iska ce ke yi musu wannan aiki, ko kuma su yi wa kansu. Amma kabewa da kankana da mangwaro da kaɗanya suna jiran wata halitta ta ɗauko musu ƙurar. Wani babban rahoton masana na duniya da ya fito a 2016 ya nuna cewa kimanin kashi 75 cikin 100 na manyan nau'o'in amfanin gona suna cin moriyar wannan aiki.

To su wane ne ma'aikatan? Da an ce ƙudan zuma, wanda ke ba mu zuma a amya kawai muke tunawa. Alhali a duniya akwai jinsin ƙudan zuma kimanin 20,000, kuma mafi yawansu ba sa tara zumar da mutum zai ɗiba. Galibinsu ma ba sa zama cikin taro. Uwa ɗaya ce za ta haƙa ɗan rami a ƙasa, ko ta sami huda a busasshen itace, ta tara ƙurar fure ta saka ƙwai a kai. Ban da su akwai ƙananan nan marasa harbi, da malam-buɗe-littafi, da ƙudaje iri-iri, har da tsuntsaye da jemagu. Galibin waɗannan ba wanda ke kiwonsu, kuma ba kasafai ake ƙirga su ba idan sun ragu.

Shi kuwa ƙudan zuman amya yana da masu kula da shi. Gaskiya ne a Amurka da Turai masu kiwo kan yi asarar amya da yawa saboda cututtuka da magungunan feshi. Sai dai mai kiwo yana iya raba amya ɗaya ta zama biyu ya mayar da abin da ya rasa. Shi ya sa alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka nuna cewa yawan amya a duniya ya haura miliyan 100, wato kimanin ninki biyu na abin da ake da shi a 1961. Dabbar da yawanta ke ninkuwa haka ba ta kan hanyar ƙarewa. Mutumin da ya ce zai ceci barewa ta hanyar ƙara awaki a daji, kowa ya san awakin ne za su cinye ciyawar.

Ga yadda gasar take faruwa. Amya mai ƙarfi tana ɗauke da dubban ma'aikata, wani lokaci har 50,000. Suna iya tafiyar kilomita da yawa neman abinci, kuma wanda ya gano bishiya mai fure yakan koma ya sanar da sauran ta hanyar wata rawa da suke yi, sai su fito rundunarsu. Ita kuwa ƙaramar ƙudan daji ita kaɗai take fita, kuma ƙananan jinsuna ba sa wuce 'yan ɗaruruwan mita daga raminsu. Idan ta iso ta tarar an kwashe ruwan furen, ba ta da wani wurin zuwa. Wasu masana biyu a Amurka sun yi lissafi a 2017 cewa ƙurar furen da amya ɗaya mai ƙarfi ke kwasa cikin wata uku ta isa ta ciyar da 'ya'yan ƙudan daji kimanin 100,000. Bayan abinci akwai kuma cuta, domin fure kamar randar ruwa yake, kowa na sa baki. A Birtaniya an sami ƙwayar cutar da ke nakasa fukafukan ƙudan amya a jikin wasu manyan ƙudan daji.

An ga wannan a zahiri a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen. A can akwai gandun daji na ƙasa da ke kewaye da dutsen Teide, inda tsirrai ke yin fure a ɗan gajeren lokaci sau ɗaya a shekara. Idan lokacin ya zo, masu kiwo sukan hau da amya har kusan 2,700. Masana sun shafe shekara uku suna lura da furannin, suna kwatanta yadda suke kafin a kawo amya da bayan an kawo. Sakamakon da suka wallafa a 2019 ya nuna cewa da zuwan amyoyin, jinsunan ƙwarin daji da ke ziyartar furanni sun ragu. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne tsirran da ƙudan amya suka fi yi wa rubdugu sun yi ƙarancin iri a cikin 'ya'yansu. Wato yawan baƙi bai ƙara wa furen komai ba.

Birane ma ba su tsira ba. A birnin Montreal na Kanada, mutane masu son muhalli sun yi ta kafa amya a kan rufin gidaje da ofisoshi, har yawansu ya tashi daga ƙasa da 250 a 2013 zuwa kusan 3,000 a 2020. Binciken da aka fitar a 2023 ya gano cewa wuraren da ƙudan amya suka fi yawa su ne suka fi ƙarancin jinsunan ƙudan daji, musamman ƙanana. A Landan ma masanan lambun tsirrai na Kew sun yi gargaɗi a 2020 cewa amyoyin sassa da yawa na birnin sun fi ƙarfin furannin da ke akwai.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa? Idan ƙudan daji sun tafi, ai na amya za su ci gaba da aikin. Amsar ita ce akwai aikin da ba za su iya ba. Furen tumatir da na gauta suna riƙe ƙurarsu a cikin wani ɗan bututu, ba ta fita sosai sai an girgiza furen. Manyan baƙaƙen ƙudan nan masu huda itace suna kama furen su karkaɗa shi da ƙarfin jikinsu, ƙudan amya kuwa bai iya wannan ba. Furen kuka da dare yake buɗewa, jemagu ne manyan baƙinsa, kuma suna ziyartar ɗorawa ma. Koko da ake nomawa a Gana da kudancin Najeriya wasu ƙananan ƙudaje ne da ƙyar ido ke ganinsu suke yi masa barbara. A 2013 wani bincike da ya duba gonaki 600 a ƙasashe daban-daban ya gano cewa ziyarar ƙwarin daji tana sa fure ya ƙulla ɗa ninki biyu na yadda ziyarar ƙudan amya ke sawa. Gona ta fi yabanya idan duka biyun suna nan.

Dole kuma mu yi wa masu kiwon zuma adalci. Sana'a ce mai daraja da ke ciyar da iyalai, kuma zuma abinci ce mai tsada a kasuwa. Sannan halin da muke ciki ya bambanta da na Kanada. Turawa ne suka kai ƙudan amya nahiyar Amurka a jiragen ruwa, don haka baƙo ne a can. A Afirka kuwa ɗan gida ne, ya daɗe yana rayuwa tare da sauran ƙwari, kuma amyar gargajiya da ake ratayewa a bishiya ƙudan da ke yawo a daji take jira su shiga. Abin da ya fi barazana ga masu barbarar fure a yankinmu shi ne sare itatuwa don gawayi, da ƙona daji, da feshin maganin ƙwari lokacin da amfanin gona ke fure. Amma wannan ma dalili ne na yin hattara. Inda itatuwa ke raguwa, abinci ne ke raguwa, kuma a tsakiyar rani, lokacin da furanni suka yi ƙaranci, tara amya da yawa wuri guda zai sa masu ƙarfi su danne marasa ƙarfi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ga shawarata ga ƙungiyoyinmu na makaranta, musamman masu harkar noma da muhalli. Wanda ke son zuma ya kafa amya, ya kira ta da sunanta na sana'a, ya kuma fara duba ko akwai furen da zai ɗauke ta duk shekara. Wanda kuma ke son taimakon masu barbarar fure, aikinsa ya fi sauƙi da araha. Mu dasa itatuwa da tsirran da ke fure a lokuta daban-daban, kamar zogale da mangwaro da bagaruwa da gawo, wanda ke fure bayan damina ta wuce. Mu bar wani lungu na lambun makaranta ba shara ba ƙonawa, da 'yan busassun itatuwa, domin nan ne gidajensu. Mu daina jifan jemagu. Idan feshi ya zama dole, kada a yi shi a kan fure da rana tsaka lokacin da ƙwari ke kai.

Akwai kuma aikin da kowane aji zai iya yi ba tare da kashe ko kwabo ba. A zaɓi bishiya ko shuka mai fure, a tsaya minti goma da safe, a rubuta kowane irin baƙo da ya sauka a kanta. A maimaita kowane mako har ƙarshen zango, a kawo wa ƙungiyar 'yan jarida sakamakon mu manna a wannan allo. Ta haka za mu san ma'aikatan da ke lambunmu, da watannin da suke fama da yunwa, kafin wani ya kawo shawarar ƙara musu abokan cin abinci.