Baƙon Malamin Turanci: A Sakar Masa Aji Ko A Haɗa Shi Da Ɗan Gari?

Jama'a, a watan Nuwamba na 2025 ne Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa Gwamnatin Tarayya ta soke tsarin nan na 2022 wanda ya ce a koyar da yara da harshen gida a shekaru shida na firamare. Yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin farko har jami'a. Ko mun yarda da wannan shawara ko ba mu yarda ba, tambayar da ke gabanmu ita ce: wa zai koya wa 'ya'yanmu Turancin? Ba mu manta ba, a cikin 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 sun faɗi, aka sallame su. Duk lokacin da aka shiga irin wannan hali, sai ka ji ana cewa a nemo malamai daga waje. To, in an nemo su, yaya za a yi amfani da su?

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Zazzau. Tun da Kwalejin Barewa ta dawo Zariya a cikin 1949, Turawa sun daɗe suna koyarwa a cikinta. A cikin 1961 Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa ƙungiyar Peace Corps, kuma a wannan shekarar samari da 'yan matanta suka fara isowa Nijeriya, yawancinsu don koyarwa a makarantun sakandare. Ingila ma ta riƙa aiko da nata ta hannun ƙungiyar VSO. Da kuɗin man fetur suka shigo, aka kuma fara shirin ba da ilmin firamare kyauta a cikin 1976, sai makarantu suka yawaita, malamai suka yi ƙaranci, aka riƙa ɗauko 'yan Indiya da Fakistan da Gana a kan kwangila.

Yawancin waɗannan malamai, aji aka riƙa damƙa musu su kaɗai. Tsarin yana da amfaninsa, kada mu ƙi faɗin gaskiya. Yaron da malaminsa ba ya jin Hausa ko kaɗan, tilas ne ya buɗe baki ya yi Turanci in yana son a fahimce shi. Malamin kuma ya san aikin a wuyansa yake, ba wanda zai ɗora wa laifi. Ga sauƙin kuɗi, tun da albashi ɗaya ake biya. Dattawa da yawa da muke sha'awar Turancinsu a yau ta wannan hanya suka koya. Amma mu tuna, a zamanin yara kaɗan ne ke samun shiga sakandare, an tace su da jarrabawa, yawancinsu kuma a makarantun kwana suke, inda ake jin Turanci dare da rana.

Aibin tsarin ya fito fili a watan Janairu na 1983, lokacin da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardun zama su bar ƙasa. 'Yan Gana kimanin miliyan ɗaya suka fita. Da wannan guguwa da kuma karyewar tattalin arziki da ta biyo baya, malamai baƙi da yawa suka koma gida. Da suka tafi, dabarunsu suka bi su, domin ba a ajiye kowa kusa da su ya koyi yadda suke aikin ba. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Wanda ya dogara da raɓa don noma, bai shirya wa rani ba.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya dabam. Japan ta fara shirin JET a cikin 1987 da mutum 848 daga ƙasashe huɗu. A can baƙon malami mataimaki ne: yana shiga aji tare da malamin Japan wanda ke da takardar shaidar koyarwa, shi ne kuma ke da alhakin ajin. Koriya ta Kudu ta kafa irin wannan shiri mai suna EPIK a cikin 1995. Hong Kong kuwa ta fara kawo baƙin malamai makarantun sakandare a cikin 1998, sa'an nan a cikin 2002 ta faɗaɗa shirin zuwa firamare, inda aka fi ba da ƙarfi ga tsara darasi tare da koyarwa tare. Dalilinsu a fili yake. Baƙo yana da harshen, ɗan gari ya san yaran, ya san manhaja, ya san inda jarrabawa ke kama su, ya kuma san iyayensu.

Sai dai kada mu ɗauka haɗa mutum biyu a aji shi ne ƙarshen magana. Kukan da aka daɗe ana yi a Japan shi ne, wasu malamai sukan mai da baƙon kamar rakoda, ya karanta jimla yara su maimaita, ya koma gefe ya tsaya. A wani wurin kuma ɗan garin ne ke komawa tafinta kawai. Mu da muka saba zama a sujadar da ake wa'azi da Turanci ana fassarawa mun san abin da ke faruwa: da zarar mutum ya tabbata fassara na zuwa, sai kunnensa ya huta har tafinta ya fara. Haka yaro zai yi shekara guda a gaban Bature bai saurare shi ba. Ga kuma tsada, albashi biyu a kan aji ɗaya, a ƙasar da wasu azuzuwan ba su da malami ko ɗaya.

Wani zai ce, ina ruwanmu da wannan, tun da Turawa ba su cika makarantun gwamnati yanzu ba? Da ruwanmu ƙwarai. Tun 1973 da Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin bautar ƙasa, kowace shekara ana turo mana matasa daga wasu jihohi, da yawansu ba su jin Hausa, ba su kuma yi karatun koyarwa ba. A wajen yaron Gyallesu ko Tudun Wada da ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, mai bautar ƙasa da ya zo daga Kudu baƙo ne kamar kowane baƙo. Sau da yawa akan ba shi alli, a nuna masa ƙofar aji, shi ke nan. Mun zauna da irin waɗannan yara da yamma muna duba littattafansu. Rubutu ya cika shafi tsaf, amma ka tambayi yaron ma'anar abin da ya kwafa, sai ya sunkuyar da kai. Kafin malamin ya gane inda matsalar take, shekararsa ta ƙare, an kawo wani, an koma farko. Kuma kowa ya san wanda bai ci Turanci da kyau a jarrabawar WAEC ko NECO ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi.

Ra'ayinmu dai shi ne a duba matakin yara. A firamare da ƙaramar sakandare, kada a sakar wa baƙo aji shi kaɗai, a haɗa shi da ɗan gari. A babbar sakandare, inda yara suka riga suka iya sauraro, ana iya barinsa shi kaɗai bayan ya yi zango ɗaya tare da wani. Haɗin kuma yana da sharuɗɗa. Na farko, a ware musu lokaci cikin jadawalin mako su tsara darasi tare, domin mutum biyu da suka haɗu a bakin ƙofar aji ba abokan aiki ba ne. Na biyu, rajista da maki su kasance a hannun ɗan gari, tun da shi zai zauna. Na uku, a yi amfani da Hausa don warware abin da ya ɗaure, ba don fassara kowace jimla ba. Na huɗu, baƙon ya yi ƙoƙarin koyon Hausa. Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905 kafin mishan ta koma Wusasa, ya koyi Hausa sosai har ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ya fito a cikin 1932. Bai raina harshen ɗalibansa ba.

Batun tsada kuwa, maganinsa yana nan kusa da mu. Kwalejin horar da malamai da ke nan unguwarmu, wadda aka kafa a cikin 1962, yanzu kuma ta zama jami'ar ilmi ta tarayya, tana tura ɗalibanta makarantu gwajin koyarwa. Me zai hana hukumomin ilmi su riƙa haɗa ɗalibin da ke jin Hausa da mai bautar ƙasa a aji ɗaya, wani tsohon malami yana duba su? Ba a ƙara albashin kowa ba, yara sun amfana, su biyun ma sun ƙaru da juna.

Saura mu iyaye. Ranar taron iyaye da malamai, kada mu tsaya kan kuɗin rigar makaranta kaɗai. Mu tambayi shugaban makaranta: wa ke koya wa 'ya'yanmu Turanci bana, wa ke tare da shi, in ya tafi kuma wa zai ci gaba daga inda ya tsaya? Da ɗan gari akan ci gari. Allah ya ba shugabanninmu hikima, ya kuma albarkaci 'ya'yanmu.