Kira Ga Hukumomin Wasanni Na Jihar Filato: A Adana Tarihin Mighty Jets

Mai girma Gwamna, mai girma Kwamishinan Matasa da Wasanni, da shugabannin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Jihar Filato:

Kukan da na kawo gabanku a kan Mighty Jets ne, kulob ɗin Jos wanda yau yake fafutuka a ƙananan rukunai, matasa da yawa ba su san ko wane ne shi ba. Ban zo roƙon kuɗin sayen 'yan wasa ba. Abin da nake roƙo shi ne a tattara tarihinsa tun masu tarihin suna raye.

Ranku ya daɗe, a 1972 aka fara gasar lig ta ƙasa baki ɗaya a Najeriya, kuma Mighty Jets ne ya ɗauki kofin farko, tun Jos tana hedikwatar Jihar Binuwai-Filato. Ba kulob ɗin gwamnati ba ne. Alhaji Isiyaku Ibrahim ne ya ɗauki nauyinsa daga aljihunsa. Bayan wannan nasara, sai da aka yi shekara 45 kafin kofin lig ya sake shigowa Jos, lokacin da Plateau United ta ɗauka a 2017.

Duk dattijon Jos da ka tayar masa da hirar tamaula, zancen ba zai ƙare ba sai ya kai ka wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na 1972 da Bendel Insurance a filin Onikan na Legas. An riga an ɗura wa Jets biyu, lokaci ya kusa cika, sai suka farke duka biyun, aka tashi 2-2. Aka mai da wasan filin Liberty na Ibadan, Bendel ta ci 3-2. A 1974 Jets suka sake kaiwa wasan ƙarshe, Rangers ta Inugu ta hana su. Har gobe ana gardama a majalisu kan yadda alƙalin wasa ya yi da su a wasan Legas na 1972, kowa da irin tasa ruwayar. To ni a ganina wannan gardamar ma dukiya ce, ya kamata a naɗe ta da muryoyin waɗanda suka buga da waɗanda suka bi mota suka je kallo.

Ga abin da ya sa nake gaggawa. Sam Garba Okoye, wanda ya buga wa Najeriya a gasar Olamfik ta Meziko a 1968, ya rasu a hatsarin mota tun 1978. Ismaila Mabo, ɗan bayan Jets wanda daga baya ya kai Super Falcons zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Kofin Duniya na 1999, ya riga mu gidan gaskiya a watan Maris na 2023, Allah ya jiƙansa. Kowane ɗaya daga cikinsu ya tafi da abin da ke kansa: yadda ake atisaye, yadda ake tafiya wasa Legas a kan hanyoyin wancan zamani, wa ya ɗauko wa daga filin unguwa. Waɗanda suka rage duk sun manyanta.

Akwai kuma dalilin da ya fi ƙwallo girma, kuma shi ya fi ci mini rai. Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970. Shekara biyu kacal bayan haka, ga Mabo, ga Sam Garba, ga 'yan gidan Atuegbu, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Ibo da Bayarabe, suna sanye da riga ɗaya, garin Jos duka yana bayansu. Yaron da ya tashi bayan rikicin Jos na 2001 da na 2008, wanda ya buɗe ido ya tarar an raba unguwanni, idan ka ba shi wannan labari da baki sai ya ɗauka tatsuniya ce. A nuna masa hoton kawai. Gwamnati tana kashe kuɗi wajen tarukan zaman lafiya, alhali ga hujja a hannunta da ba ta buƙatar dogon jawabi.

Aikin ba mai tsada ba ne. Jaridar Nigeria Standard ta jihar nan a 1972 ɗin aka kafa ta, saboda haka tsofaffin kofenta wuri ne na farko da za a duba, sannan a nemi na New Nigerian a Kaduna. Ɗaliban tarihi da na aikin jarida a Jami'ar Jos za su iya zama da tsofaffin 'yan wasa da magoya baya su ɗauki hira, da Hausa ko da Turanci, yadda kowa ya fi sakin baki, gidan rediyo da talabijin na jiha ya watsa. Iyalai da dama na iya samun hoto ko riga ko lambar yabo a cikin akwati. Idan hukuma ta yi alkawarin ɗaukar hoton kayan ta mai da wa masu su, za su fito da su.

Sai wurin ajiya. Ɗaki ɗaya a filin wasa na Rwang Pam ya isa, ko a nemi haɗin gwiwar Gidan Tarihi na Jos. Ina kuma roƙon hukumar ƙwallo ta jiha ta wajabta wa kowane ƙaramin kulob da ya yi rajista da ita ya riƙa miƙa sunayen 'yan wasansa da sakamakon wasanninsa a ƙarshen kowace kaka, a ajiye a wannan ɗaki. Garin da ya fitar da Mikel Obi da Ahmed Musa bai rasa yaran da nan gaba za a zo neman inda suka fara.

Ranku ya daɗe, ina roƙon a fara da hirar dattawan cikin wannan shekara, sauran aikin zai iya biyo baya. Allah ya taimake ku, ya ba Filato zaman lafiya.